Kukan Motar Ƙungiya

"Gajiya kuma? Babu gajiya sai ta ganin fuskarka da sassafe," in ji Malam Dabo, bai ko ɗago daga goron da yake gogawa a ɗan magoginsa na gwangwani ba. Tun da haƙora suka yi masa sallama haka yake yi kowace safiya: ya goge goro ya zama gari, ya tara a tafin hannu, ya watsa a baki.

Jikansa Badaru ya tsuguna a bakin zaure. "Ni ma ba kai na zo gaisarwa ba, tsoho. Amaryata Hure na zo dubawa, in ga ko ka bar ta da yunwa."

"Matata ce tun ba a haifi ubanka ba. Je ka nemi taka, ja'iri."

A nan ne Badaru ya saba fashewa da dariya. Yau bai yi ba. Idon Malam Dabo ya yi yana, amma kunnensa garau yake, kuma kunnen ya gaya masa yaron nan bai runtsa ba.

Shekarun sun yi wa kowa tsanani. Mai ya yi tsada har Badaru ya sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi, taki ya gagari talaka, gidajen da hayaƙi ke tashi safe da yamma suka koma sai yamma kawai. Mahaifinsa ya rasu, gidan duka a wuyansa yake. Ana cikin haka ƙungiyar manoman rani ta yankin Watari ta samu sabuwar a-kori-kura fara sol, irin mai ratsa laka da yashi, aka ba shi tuƙinta bisa sharaɗin ba zai ɗauki kowa don hidimar gida ba. Ranar Juma'a ya karya sharaɗin, ya kai kakansa masallaci a Ɗanbatta saboda ciwon gwiwa. Tun daga ranar motar take wani kuka. Yau kuma bayan azahar shugaban ƙungiya, Alhaji Sabo, zai shiga gaba su tafi Kano ɗauko taki.

"Tana nan tana yi?" in ji tsohon.

"Tana yi, Kaka. Alhaji na jin wannan kukan zai karɓe makulli. Mota ko ledar kujerunta ba a cire ba."

"To, yi mini irin kukan in ji."

Badaru ya murtuke fuska. "Sai ta yi gurrr daga ƙasa, kamar ana niƙa tsakuwa. Sai kuma ƙwas, ƙwas, tayoyin gaba suna tsalle, sitiyari ya yi tauri kamar ana riƙe mini hannu."

"Wannan ai minsharinka ne. Tun kana goye muke fama da shi."

"Minshari dai naka, da ke hana kajin unguwa ƙwai."

"Ka duba ko akuya ta shige ƙarƙashinta?"

"Na kwanta a ƙasanta har bayana ya ɗauki zanen tsakuwa. Na girgiza farfelar da ke juya tayoyi, na ɗaure kowane noti, na duba man giya, yana nan fes. Babu abin da ke yoyo."

"Ka kai ta wurin bakanike mana."

"In kai ta gareji, kafin in dawo labari ya riga ni zuwa gidan Alhaji. Kuma wa zai yarda a kwance sabuwar mota?"

Malam Dabo ya ajiye magogin. Bai bari damuwa ta fito a muryarsa ba.

"Kai da ka san tuƙi ba ka san dabba ba, saurara. Lokacin da nake fatauci da jakuna, in jaki ya fara ɗingishi, ba ƙafarsa nake fara dubawa ba. Ƙasar da yake takawa nake dubawa. A ina take kukan?"

"Yanzu motar miliyoyi ce za ka haɗa da jakunanka masu ƙuda?"

"Jakunana ba su taɓa hana ni barci ba. A ina take yi?"

Badaru ya sosa ƙeya. "A hanyar gona ba ta yi. Cikin yashi ma lafiya lau, kamar kifi a ruwa. Sai na hau kwalta."

"A miƙe ko a kwana?"

"A kwana. In na karya sitiyari sosai, nan take haukacewa. Ga shan mai kamar ana zubarwa a ƙasa."

"To ai ka ji. 'Yar ƙauye ce irinka, kwalta take tsoro. Ku biyun ku zauna a gida."

"Tsoho, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Yaushe ta fara?"

"Ranar Juma'a, muna dawowa. Da kai a ciki."

Malam Dabo ya gyara zama, ya shafa gemu. "Ashe! Nauyin daraja ta ɗauka. Ba ta saba ba, kullum kai take ɗauka da buhunan taki, duk abu ɗaya."

"Wane nauyi? Kai da ake ɗaure maka dutse a riga in hadari ya taso?"

"Faɗi son ranka. Motar nan ta fi ka tarbiyya. Ita kaɗai ta san girmana a gidan nan. Har sanda aka tanadar mini a ciki."

"Wace sanda?"

"Guntuwar nan da ke tsakanina da kai, kusa da doguwar da kake ta jijjigawa. Wanda ya ƙera motar nan yana da kaka, kuma yana ganin mutuncinsa. Da ka sauka a bakin rafi kana gwada zurfin ruwa, na zame a kan ledar nan mai santsi. Na laluba, na kama ta, na jawo jikina. Sai ta ce ƙas, ta matso kusa da ni. Na ce madalla, har miƙo kanta take yi."

Badaru ya miƙe tsaye a hankali.

"Ka ja ta?"

"Da hannu biyu. Da ƙarfina, ba irin naku na 'yan taliya ba."

"Inna lillahi! Kaka, giyar laka ce! Ita ke haɗa tayoyin gaba da na baya su ja tare. Wanda ya kawo motar sai da ya ja mini kunne, ya ce kada in taɓa ta sai na maƙale, kuma kada in kuskura in hau kwalta da ita, don tayoyin za su riƙa kokawa da juna. Ni da na san ban taɓa ba, ko kallonta ban yi ba. Shi ya sa wata koriyar fitila ta kunnu a gabana! Na ɗauka kore alamar lafiya ce."

"To ai shi ke nan, sai ka mayar da ita."

"Mutumin ya ce in aka daɗe a haka, haƙoran giya suna iya zubewa."

Bai jira amsa ba ya fice da gudu.

Malam Dabo ya zauna shi kaɗai. Ya ji an buɗe gambun mota, inji ya tashi. Ya ji Badaru yana nishi yana fama da guntuwar sandar, ta ƙi komawa. Sai motar ta ja da baya a hankali, ta tsaya, ta ƙara ja, wani abu ya ce ƙas. Daga nan ƙararta ta bi hanyar da ta ratsa gonaki zuwa titi, tana ƙanƙancewa, har ganyen gero ya haɗiye ta.

Ruwan jiya ya wanke gari, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa zaure, kurciya tana kira daga kan tsamiya. Bai ji daɗin ko ɗaya ba. Ya dubi hannuwansa, inuwa biyu a cikin hazon idonsa. Su suka yi noma suka ciyar da gidan nan, yau kuma ko su ne suka kife tukunyarsa? Ya tuna yadda Badaru ya ɗauke shi cak ranar Juma'a ya ɗora a kujera, yana cewa buhun ƙaiƙayi ma ya fi shi nauyi. Ya watsa garin goro a baki, ya ji kamar toka. Ya ɗauki carbi, ya rasa inda ya tsaya, ya sake daga farko.

Rana ta hau katanga kafin ya ji inji yana dawowa. Aka kashe. Takun Badaru ya zo har tsakiyar zaure ya tsaya.

"Tsoho, tattara tabarmarka. Ƙungiya ta ce kai za a sayar a gyara mota. Matsalar dai an rasa mai tayi."

Malam Dabo bai rama ba.

"Badaru," in ji shi, kuma rabon da ya kira shi da sunansa an daɗe, "gaya mini gaskiya."

Badaru ya durƙusa ya riƙe hannunsa. "Lafiya lau take, Kaka. Fitilar ta mutu. Na hau kwalta, na karya hagu, na karya dama, na yi ta zagaye a gaban makaranta har masu shayi suka ce na haukace. Ko tari ba ta yi ba."

Tsohon ya ajiye carbin. Ya yi hamdala a hankali, ya goge ido da bakin rawani, ya ce hayaƙin girkin Hure ne. Sannan ya gyara murya.

"To, biya ni ladan aiki. Ni na gano ciwon."

"Kai ne ciwon!"

"Likita da cuta a jiki ɗaya, ina ka taɓa samun wannan arahar?"

Dariyar da ta ɓace tun Juma'a ta dawo wa Badaru gaba ɗaya, har ya zauna daɓas a ƙasa. Malam Dabo ya laluba aljihu, ya zaro farin goron da yake ta ɓoyo, babba, naɗe a ganye, ya cusa masa a hannu.

"Karɓi. Na yarda, yau ka kayar da ni. Kada ka gaya wa Hure."

"Alhaji zan gaya wa, a hanyar Kano, in ga yana cikin nishaɗi. In roƙe shi izinin kai ka Juma'a a fili, in huta da ɓoye-ɓoye. In ya yarda, da rawaninka zan ɗaure hannuwan nan."

"Ɗaure bakinka dai."

Malam Dabo ya jawo sandarsa ta gora, ya dogara, ya miƙe gwiwoyi suna ƙara.

"Ka ji? Nawa kukan ba a kwalta kaɗai yake ba."

"Ina kuma za ka?"

"Wurin mutuniyata mota, in ba ta haƙuri. Matsa mini."

"Kada ka taɓa komai!"

"Shafa ta kawai zan yi," in ji tsohon, ya laluba bakin ƙofa da sanda, ya fita.