Rasuwar Rigar Sanyin Gwaggo Raelene

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa ɗaya a ɗaure, Keeley Marsden ta gidan burodin da ke bayan tashar mota a Jindabyne take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rigar sanyin gwaggonta Raelene, shuɗiya mai ratsin rawaya a ƙirji. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Laraba da hantsi, a gindin wani itacen turare, can ƙasan gangaren 'yan koyon zamiya a kan dutsen ƙanƙara. Ta rasu tana da shekara talatin da huɗu a duniya. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba. Yanka ta aka yi, daga bakin hannu har wuya, jama'a suna kallo.

Har zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa, mai rigar ba ta sani ba. Gwaggo Raelene tana bakin teku wajen ƙawarta, sai Asabar za ta dawo.

Marigayiya ta yi hunturu goma sha tara a jikin Gwaggo, tun zamanin da ake hararar masu zamiya a ƙanƙara da allo ɗaure a ƙafa ana ce musu 'yan iska. Da ita Gwaggo ta ci kofi biyu. Da ita kuma ta fasa hancin wani mutumin Sydney da ya taka mata allo a layi, kuma ɗigon jininsa yana nan a hannun dama, wanki bai taɓa fitar da shi ba. Da gwiwar Gwaggo ta gaza, sai ta rataye ta a kabad cikin leda, ta kafa doka: "Duk wanda ya taɓa ta, in cire masa hannu in sa a tanda." Keeley ta tashi a gidan tun tana 'yar shekara shida, kuma ta kiyaye dokar har zuwa wannan Agusta, tsakiyar hunturunmu.

Abin da ya faru shi ne, Keeley ta kai shekara ashirin da uku a duniya tana wanke farantan burodi a bayan shago, kullum tana hangen dutsen ta taga, ba ta taɓa hawa ba. Ba ta gaya wa kowa tana so ba, balle Gwaggo, wadda ko yankan albasa da tsawa take koyarwa. Ranar da motar Gwaggo ta bar gari, Keeley ta hau dutsen. Ta tafi da wandon jins da suwaitar auduga. Kafin azahar wandon ya sandare kamar katako, leɓenta ya yi shuɗi. Mai koyarwa, wani Dougal mai karyayyen haƙori, ya dube ta sama da ƙasa.

"'Yar uwa, auduga a nan ai likkafani ce," in ji shi. "Ta sha ruwa ta riƙe. Nemi rigar da ruwa ba ya shiga, doguwa, ta rufe miki mazaunai, don a kansu za ki fi wuni."

Ta shiga kanti, ta tarar da 'yan mata suna juyi gaban madubi. Mai kanti ta ce, "Me za a ba ki, ƙawata?" Keeley ta ce ɓatan hanya ta yi, ta fita. Da yamma ta buɗe kabad.

Kowa ya shaidi marigayiya da kyawun hali. Ba ta taɓa barin ɗigon ruwa ya shiga ba. Tana da ɗamara ta ciki da ke tare ƙanƙara idan mutum ya tafi da baya yana jan ƙasa. Hularta tana hawa kan hular kwano ba gardama. Wuyanta dogo ne har hanci, mutum ya yi kuka a ciki ba wanda ya sani, kuma an yi. Ba ta da yawan magana. In ana tafiya sai ta ce shuu, shuu. In an ja zif ta ce zirrr. In an faɗi ta ce bum, ta yi shiru.

Kwana shida ta yi tana shan duka a madadin wata. Ranar farko, wajen sauka daga kujerar da ke kai mutane sama, Keeley ta kife, kujerar ta biyo ta maƙe ta a ƙeya, yara uku 'yan Melbourne suka zube a kanta da sandunansu. Aka koya mata sauka a kan dunduniya, tana lilo dama da hagu kamar busasshen ganye. Duk sanda ta saki bakin allon na gaba, ƙanƙara ta cafke shi ta maka ta da ƙasa ta fuska, har ta ji haƙoranta sun gaisa. Aka koma gefen yatsu, inda dole mutum ya juya wa gangare baya. Nan kuma ta baya ake fyaɗa mutum, ƙeya ta fara isa, numfashi ya ɗauke, sama ta yi baƙi. Ƙanƙarar safiyar nan kuwa kun san ta, siminti ce.

"Lanƙwasa gwiwa," Dougal yake cewa. "Dubi inda za ki, bar kallon ƙafa. Ƙafar a ɗaure take, ina za ta je ta bar ki?"

Wani yaro ya bi ta kan hannun marigayiya da takalman zamiyarsa, ko waiwaye bai yi ba. Ba ta yage ba. Jikin da ke cikinta ya koma shuɗi da kore tun daga ƙugu har gwiwa, ita kuwa ko zare bai tsinke mata ba.

Ranar Laraba Keeley ta yi juyi uku a jere ba ta faɗi ba, dunduniya, yatsu, dunduniya. A na huɗu gudun ya ba ta tsoro, ta jingina da baya, abin da aka hana ta sau ɗari. Allon ya miƙe ya ɗauke ta. Ta tsinke igiyar gefen hanya, ta wuce ta tsakanin mutum biyu, itacen ya tare ta da kafaɗar hagu. Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya ce ƙas, kamar an taka kara. Jinin hanci ya sauko kan ratsin rawaya.

Cikin masu ceto, wani ƙato mai jar riga ne ya fara isowa. Ya durƙusa, ya dubi rigar, ya tsaya cak.

"Ke, wannan ba ta Raelene ba ce?"

Keeley ta gyaɗa kai.

"Ta san kin ɗauka?"

Ta girgiza kai.

"To ni da ke duka mun mutu."

Ta roƙe shi ya zare rigar a hankali. Ya gwada sau ɗaya, ta yi ƙarar da ta tashi hankakan da ke kan itacen. Ya ce, "Ƙashin nan ya kusa huda fata, yarinya. Zaɓi, riga ko hannu."

"A yanke hannun," ta ce, can ƙasan murya.

Bai saurare ta ba. Ya zaro almakashi ya soka a bakin hannun rigar. Maganar marigayiya ta ƙarshe ita ce ƙyarrr, doguwa, har wuya. Farin cikon cikinta ya fito iska tana kwasa. Yana ɗaure Keeley a kan gadon da ake ja a ƙanƙara yana cewa, "Don Allah kar ki faɗi sunana." An cika masa alkawari, ba za a faɗa ba. Yana dai da farin gemu, yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma duk Juma'a yana sayen fanken nama biyu a shagon Gwaggo.

Marigayiya ta rasu ta bar wando ɗaya abokin zamanta, wanda mazaunansa suka ɗan sha jiki. Da safar hannu guda, 'yar uwarta ta ɓata a wurin. Da hular kwano mai tsaga. Da alewa ɗaya da aka samu a aljihun ciki ta zama dutse. Allon haya da ya jawo abin ya koma kanti ko ƙwarzane babu, ko kunya babu. An kai gawar wajen Misis Halloran mai ɗinki. Ta ɗaga ta a haske, ta ajiye, ta ce sai dai haƙuri.

Za a shimfiɗa gawar a kan teburin kicin ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da ake sa ran motar Gwaggo. Akwai shayi da kek mai kwakwa. Ana roƙon masu ta'aziyya su iso tun uku da rabi, masu jiki su zauna kusa da ƙofa. An riga an kwashe farantan ƙarfe da itacen murza fulawa an kai gidan maƙwabta. Ranar binnewa da wurin, wannan sai abin da mai ita ta ce.

An manna kwafin wannan sanarwa a ƙofar gida, daidai tsayin idon Gwaggo, domin mai sanarwar ta gwada faɗa mata a waya sau huɗu, bakinta ya ƙi buɗewa. Gwaggo, in kin karanta har nan, Keeley tana ciki, a kujerar da ke jikin firji, kuma ba za ta gudu ba. Duk abin da za ki jefa, ki auna dama. Hagun an riga ki.