Mai Kai wa Ƙauye Farashin Birni

"...da gajiyar hanya? To ai da sauranki, tunda bakin yana motsi."

Haka Kaka ya tarbi jikarsa a ƙofar ɗaki, ko tabarma bai miƙa mata ba. Ta shimfiɗa buhun da ta zo da shi wayam ta zauna, ƙafafu sun kumbura da zaman mota. Rumfar abinci gare ta a birni, kuma shinkafa ta yi tsadar da in ta ƙara kuɗin faranti masu ci su gudu, in ta bari jari ya narke. Dabararta ta ƙarshe ke nan: ta sayo da araha a ƙauye, ko ta kife tukwanenta. Abin tausayi, ta zaga kasuwar kaf, ba ta auni ko kwano ɗaya ba.

"Tsoho, mutanen garinku sun haukace. Farashin birni suke faɗa mini, alhali shinkafar a bayan ɗakinsu ta tsiro."

"To amaryata, da can da muke ba ku a banza ne muke da hankali?"

"Bara rabin kuɗin birni na saya."

"Bara ina da haƙora huɗu."

"In na ɗora kuɗin mota da na dako, gara ma ta kantin unguwarmu. Wa ya faɗa musu farashinmu? In na kama shi sai na dafa shi da tsakuwarsa."

Kaka ya laluba aljihu ya zaro wata ƙaramar waya da aka ɗaure da roba.

"Wa ya saya mini wannan?"

"Ni, don in riƙa jin ko kana numfashi."

"Kullum da safe me kike ce mini bayan gaisuwa?"

Ya kwaikwayi muryarta:

"Kaka shinkafa ta ƙara, Kaka buhu ya kai kaza. Ni kuma kunne ya yi nauyi, sai na saki muryar a fili, a gindin bishiyar da manoma ke zama. Yanzu ba mai kwance bakin buhu sai ya tambayi me jikata ta ce yau. Masu manyan motocin da ke zuwa saye kansu sun tsane ki."

"Wato kukana kake rabawa gari?"

"Har ladan sanarwa ake ba ni."

"Na sake ka. Ba ni wayata."

"Wa zai kwashe ki, mace duk warin hayaƙi?"

Ta naɗe buhunta a hankali.

"Rumfar ce zan rufe, Kaka. Da gaske nake."

Tsohon ya ɗage labule da sandarsa. Buhu biyu ne na shinkafa jingine a bayan gado.

"Sau uku masu mota suna zuwa, ina ce musu abincin matata ne. Ja abinki."

"Wannan ai na cinka ne. Kai me za ka ci?"

"Da haƙora biyu? Rabin kwano sai ya kai ni mako."

Ta yi dariya, tana goge ido da bakin mayafi.

"Daga yau in na kira ka, gaisuwa kawai."

"To ki yi ta a hankali. In suka ji muryarki da daɗi, cewa za su yi shinkafa ta sauka, su zo su kwana a ƙofata suna kuka."