Yadda Za Ka Canza Man Birkin Babur ɗin Surukinka Ba Tare da Ka Ba Shi Umarni Ba

Duk wanda ya bi matakan nan takwas zai samu ɗaya daga cikin abu biyu: birki mai kamawa, ko mutunci a gidan surukai. Wannan tabbas ne. Samun duka biyun a rana ɗaya ne har yanzu ake bincike a kai. An gwada hanyar a kan wani bawan Allah da dangin matarsa ke kira Injiniya, kuma yana nan da ransa, da aurensa.

1. Karɓi sunan da ba naka ba

Ilimin adana littattafai Injiniya ya karanta a jami'a. A makon farko na aurensa talabijin ɗin surukinsa ta ƙi kawowa, ya zare wayarta daga bango ya mayar, ta kawo. Tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace a gidan. Bai musa ba, kai ma kada ka musa. Mutum ba ya gyara wa surukinsa magana, balle magana mai daɗi.

Shi ya sa ranar Asabar ɗin da Baba ya nuna masa babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, wanda yake zagaya gona da shi, ya ce birkin ya yi laushi kamar biredi kuma bakanike ya yi tafiya, Injiniya ya durƙusa ya taɓa tayar gaba, ya girgiza kai, ya ce ƙaramin aiki ne. Baba ya yi hamdala, ya ce dama bayan la'asar zai gangara da shi bakin tafki ya duba injin ban ruwa. Gangaren nan ko akuya a kaikaice take saukarsa.

2. Nemi ilimi a banɗaki

Nemi izini, kulle ƙofa, rage muryar waya, nemo bidiyon gyaran birki. Minti goma sha biyu sun isa. A nan Injiniya ya gano cewa man birki tsufa yake yi, ya sha danshi ya yi baƙi, kuma iska in ta shiga bututu birki ba ya kamawa. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya matsa hannun birki sau uku ya riƙe, ɗayan ya kwance ɗan notin da ke jikin birkin taya, tsohon mai ya fita da kumfarsa, ya ɗaure notin, sannan a saki. In aka saki kafin a ɗaure, iska ta koma ciki, aiki ya koma farko.

Kwara ruwa kafin ka fito, don kada a yi maka zato.

3. Baza kaya

Sifana mai lamba takwas, siririn tiyo da ake ganin cikinsa, kwalbar ruwa da ba komai, sirinji, tsumma, da sabon mai irin wanda aka rubuta a murfin kofin birki. Jera su a kan buhu daga babba zuwa ƙarami. Ba a taɓa tambayar mai jera kaya takardar shaidarsa ba.

Zuƙe tsohon man da ke cikin kofin da sirinji, cika shi da sabo, goge duk abin da ya ɗiga, domin cin fenti yake. Sannan ɗaga sirinjin ka nuna wa rana, ka ja tsaki a hankali. Baba ya leƙa, ya ga abu kamar shayin jiya, ya ce dama ya daɗe yana zargin bakaniken nan.

4. Bar mai riƙe birki ya zaɓi kansa

Auta, matar Injiniya, ta leƙo ta tagar kicin ta ce bari ta zo ta riƙe masa, ai ita take riƙe wa bakanike tun tana sakandare. Ceto ya zo har gida. Baba ya ce ta koma kan girkinta, babur ɗinsa ne, shi ya san halinsa. Ya naɗe hannun riga ya haye.

Lura da kyau, a nan gizo ke saƙa: matsalar ba ta cikin injin, tana cikin baki. Aikin da kalma uku yake tafiya: matsa, riƙe, saki. Dukansu umarni ne. A shekara bakwai, mafi tsawon abin da Injiniya ya taɓa faɗa wa surukinsa shi ne "To, Baba", shi ma yana kallon tabarma.

5. Yi magana da taya

Kwanta a ƙasa, sa tiyo a bakin noti, jefa ɗaya bakin cikin kwalba, ka fuskanci taya kamar da ita kake. Injiniya ya shaida wa tayar cewa da za a samu a ɗan matsa, da an ji daɗi. Baba ya matsa. Ya ƙara shaida mata cewa masana sun ce riƙewa tana da amfani. Baba ya riƙe. Baƙin mai ya zubo da kumfa, noti ya ɗauru, zuciyar Injiniya ta yi fari. Hanyar tana aiki, sau ɗaya.

6. Kada ka katse labarin dattijo

Baba ba ya iya zama shiru a kan abin da ba ya tafiya. Ya ɗauko labarin tarwaɗar da ya kama a tafkin nan a shekarar da aka haifi Auta. Injiniya ya kwance noti a daidai lokacin da labarin ya kai ga girman kifin, kuma girman kifi da hannu biyu ake nuna shi.

Hannun birki ya koma da ƙarfi. Ta cikin tiyo Injiniya ya kalli iska tana hawa ciki a jere, kumfa bayan kumfa, kamar 'yan makaranta. Ya ce, "Ikon Allah." Baba ya ji daɗin haka, ya maimaita wurin.

Haka aka yi a taya ta biyu da ta uku. Kifin yana ƙara tsawo, iska tana ƙara shiga. Sau biyu Injiniya ya buɗe baki, sau biyu abin da ya fito shi ne tambayar ko da ƙugiya aka kama shi ko da raga. Da raga ne, kuma jefa raga ma hannu biyu yake ci.

Aka kira la'asar, suka yi salla suka dawo. Baba ya matsa hannun birki, ya tafi luf har ya taɓa makamar babur. Ya jinjina kai, ya ce aikin mai ilimi daban yake, yanzu ko ƙarfi ba sai mutum ya sa ba. Ya gyara zama, ya murɗa makulli.

7. Cire makullin

Yanzu kana da zaɓi. Kana iya yin shiru ka ci gaba da zama suruki mai kunya, a yi ta yabonka a wurin zaman makoki. Injiniya ya hango gangaren, ya hango tafkin a ƙasa, ya hango Auta a taga. Bai san lokacin da hannunsa ya kashe injin ya zare makullin ba.

"Baba, sauka. Babu birki."

Kaji ma sun yi tsit. Baba ya dube shi, shi ma ya dubi Baba, karo na farko a fuska, har ya lura ashe dattijon yana da tabo a gira. Ya faɗa masa gaskiya a tsaye, cewa duk lokacin da aka nuna kifin nan iska ce take shiga, kuma in ana son a gama yau, dole a riƙe har sai ya ce a saki, ba labari, ba raga.

 Baba ya ɗora hannu a kan birki ya ce, "To, Injiniya."

8. San inda za ka tsaya

Minti ashirin aka yi ba a jin komai a tsakar gidan sai matsa, riƙe, saki. Injiniya yana tashi yana ƙara mai a kofi kada ya ƙafe. Man da ke bin tiyo ya koma garai-garai, ba kumfa ko ɗaya. Hannun birki ya yi tauri.

Abin lura shi ne umarni yana da daɗi, musamman ga wanda ya shekara bakwai bai ɗanɗana ba. A taya ta ƙarshe muryar Injiniya ta kai har kicin. Ya ɗaure noti, ya miƙe yana goge hannu, ya dafa kafaɗar surukinsa ya ce, "Yawwa, ka fara koyo. Allah ya yi maka albarka."

Baba ya ce amin.

Ya karɓi makullinsa, ya gangara, ya tsaya cak a bakin tafki, ya dawo lafiya. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Abin da kawai yake yi, wata huɗu ke nan, duk lokacin da Injiniya ya yi sallama a gidan, Baba sai ya miƙe tsaye ya bar masa kujera, ya koma kan tabarma, ya tambaya a gaban baƙi ko an ba shi izinin zama. Auta tana fita daga ɗakin da hannu a baki.

Sanarwa

Mai wannan bayani ba bakanike ba ne, ba kuma mai sasanta dangi ba. Duk wanda birkinsa ya ƙi kamawa, ko fentinsa ya ɗaye, ko ya tsinci kansa a kan kujerar surukinsa dattijon yana ƙasa, shi ya ce ƙaramin aiki ne. Ya nemi wanda ya iya, tun kafin la'asar.