Bututun Maiwada a Gayaunar Hure

"Lafiya lau, in ban da ganin fuskarka da sassafe. Ina matarka Indo? Har yanzu tana haƙuri da kai?"

"Tana gaishe ki. Ta ce in leƙo ko kin cika, ta zo ta ɗauke turmin nan kafin magada su farga."

Hure ba ta ɗago ba. Tana tsugune a gayaunarta ta bayan gida, can gefen Toranke, tana tsintar karan bara wanda ba ya buƙatar tsinta. Kwana tara ke nan ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida sau biyu kafin hantsi, ta ƙulle kayanta ta kwance, ta sake ƙullewa. Bunu mai sayen gyaɗa ya taya gayaunar, ya ce ran Juma'a zai zo jin amsa, yau kuwa Laraba. Ɗanta Haruna ya aiko daga Kano cewa ta sayar ta taho, tunda rijiyarta ta ƙafe tun shekarar fari, wuyanta kuma ya gaji da tulu.

Mai tsaye a kanta Maiwada ne, ɗan kawunta, taubashinta tun suna yawo ba riga. Da furfurarsa da komai ya garo wani baƙin abu a naɗe, ya fi tayar babbar mota faɗi, yana haki.

"Wannan fa? A ƙarshe dai ka samo gammo daidai da kanka?"

"Laifin rashin fita ne, ba ki taɓa wuce Gaya ba. Bututun roba ne. Zai ɗauko ruwa daga tankin rijiyata ya kai lambuna ta ƙarƙashin ƙasa, ba mai gani, ba mai ɗauka a ka."

"Ta ƙarƙashin ƙasar wa?"

"Ta ubangidanki mana. Ke da gayaunar ai duk nawa ne. Uwarki ƙanwar ubana ce, baiwata, ko tsufa ya mantar da ke?"

"Ina sane. Ina kuma sane da ranar rabon gado, da ubanka ya rungume fadama ya bar wa ƙanwarsa jigawa, wai ta fi kusa da gida."

"Ƙarya ya yi? Ga ki nan ko takalmi ba kya sawa ki zo gona."

Ta tashi tana karkaɗe zani, ta zagaya abin. Ta danna shi da babban yatsa, ta kai hanci bakinsa.

"Warin silifa yake. Duk albasar da ta sha ruwan nan, sai an wanke miya kafin a ci. Me ya hana ka sayo na ƙarfe irin na mutanen kirki? Ko hannun ne ya ƙi shiga aljihu kamar kullum?"

"Na ƙarfe tsatsa yake yi, kamar harshenki. Kwana biyu na yi a Kano ina zaɓe. Akwai wani fari, sanda-sanda, kowace gaɓa sai an shafa gam, in ya sha nauyi ya tsage kamar ƙwarya. Na ce a'a. Wannan tsawonsa a haɗe yake, yana lanƙwasa ba ya karyewa, gara ba ta cinsa. Rana kawai yake tsoro, shi ya sa ake binne shi."

"Ashe ɗan'uwanka ka samo. Kai ma da za a binne ka da gari ya huta. Zurfin me za ku yi?"

"Gwiwa."

"Gwiwar wa? Taka da take gaisawa da ƙasa? Garmar shanu ta farko za ta raba shi biyu kamar rogo. Kugu za a yi, kuma kugun mutum, ba naka ba. A tsince tsakuwa tas, a shimfiɗa yashi mai laushi kafin a kwantar da shi. Ga gafiya a gindin ɗorawar can, in ta ji sanyin ruwa sai ta kira danginta. Can sai a ƙara zurfi. Kuma kada wanda ya mayar da ƙasa ko cokali guda sai an saki ruwa na ga inda yake zuba da idona, don na san aikinka, tun kana yaro..."

Ta ji kanta tana tsara aikin shekaru a gonar da za ta bari jibi. Maiwada ma ya ji, don ya sunkuya yana gyaran igiyar da ba ta kwance ba.

Abin ya ba ta haushi. Ta bar shi nan ta nufi iyaka, ta tsaya a kan gamba tana duban tankinsa da ke kan ƙafafun ƙarfe daga gabas, ta juya ta dubi lambunsa daga yamma. Ta yi ta auna su da ido, sannan ta dawo da sauri, zaninta na kama ƙaya.

"Maiwada, ni ka mayar mahaukaciya?"

"Ba ni na mayar da ke ba, haka na same ki."

"Ta burtali ya fi kusa. Makaho ma ya sani. Daga tankinka ka bi gefen burtali, ka faɗa lambunka ba ka taka gonar kowa ba. Me ya kawo wannan kwana-kwanar ta bayan ɗakina?"

"Shanu. Kofato zai fasa shi."

"Wace saniya ce take tono har kugu?"

"Ba ki san shanun bana ba. Yunwa ta koya musu haƙa."

"Mene ne a aljihunka yake ƙara tun ɗazu?"

"Goro."

"Goron ƙarfe? Fito da shi, ko in fito da shi da kaina in yaga rigar, Indo ta sami aikin yi."

Ya yi tsaki, ya zura hannu. Kan famfo ne sabo fil, na tagulla, da wani mahaɗi mai baki uku. Ba ta taɓa riƙe irinsa ba, amma ba ta buƙaci bayani: baki ɗaya ruwa ya shigo, ɗaya ya wuce lambu, na ukun kuwa ya tsaya a wani wuri. Tun a Kano ya saye shi, kafin ya tambaye ta komai.

"Na jakina ne," in ji shi. "Yana son sha a inuwar ɗorawarki."

"Jakin da ya mutu da kaka?"

"Zan sayi wani."

Hure ta juya famfon a hannunta, sanyinsa na shiga tafinta. Ta san shi ciki da bai. Ba tausayi kaɗai ya garo wannan abu ba. In Bunu ya saya, baƙo ya shiga tsakanin rijiyar Maiwada da lambunsa ke nan har abada, kuma a masallaci za a ce mai gona uku ya zuba ido gonar gwaggonsa ta fita daga dangi. Sannan akwai fadamar nan da ba ya son a ambata. Amma ita ma ba ta da bakin magana. Ita ce ta ja Indo gefe a gidan suna, ta raɗa mata zancen Bunu, ta ce kada kowa ya ji, alhali duk Toranke an san cikin Indo ba ya riƙe ko kunu. Kwana taran nan ba Juma'a take jira ba. Jira take ta ga ko akwai wanda zai tare hanya.

"Indo ce ta gaya maka."

"Gaya mini me? Cewa za ki Kano ki zauna a ɗaki ɗaya da surukarki, kina leƙen titi ta taga kamar aku? Ban ji ba. Ki tafi mana. Ran da kika kwana uku can za su haɗo ki da direba su biya shi lada."

"To bari in tafi ɗin. Ka binne macijinka a gonar Bunu, ya riƙa karɓar albasa kwando-kwando."

Ya cire hula ya sosa kai, ya dubi rufin ɗakin da gwaggonsa ta rasu a ciki.

"Bunu ba ya jin zagi, Hure. Na gwada. Sai ya yi murmushi ya ce Allah ya ba da haƙuri. Mutum ya tsufa da irin wannan maƙwabci?"

Ta kau da kai don kada ya ga fuskarta. Ta tsuguna ta tsinci kara ɗaya, ta yar.

"Sadaka ce ba na karɓa, balle daga hannun bawan gidanmu."

"Wa ya ce sadaka? Kuɗin hanya ne."

"To ji sharaɗina. Gobe ka zo da mai unguwa da liman, ka faɗa a gabansu cewa ƙasa tawa ce, robarka baƙuwa ce, ko bayan raina ba ta zama hujjar 'ya'yanka ba."

"Na ji."

"Famfo kuma ba gindin ɗorawa ba, bakin ƙofata."

"Sai an ƙara lanƙwasa hanya. Bututun zai yi kaɗan."

"Ka ja lambun ya matso. Na uku, abin da ake murɗawa a tsayar da ruwan lambu gaba ɗaya, akwai shi ko babu?"

"Akwai. A gindin tanki za a sa shi."

"A tsakar gidana za a sa shi."

"Haba. Wato duk ran da na ce miki tsohuwa, albasata ta kwana da ƙishi?"

"Har da ran da ka yi tunanin faɗa."

Ya dube ta, ya dubi naɗin roba, ya dubi burtali inda hanya take a miƙe ba mai sharaɗi. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda take sa shi tari. Ya laluba ɗaya aljihun ya ciro makunnin, jan hannu gare shi, ya ɗora mata a kan famfon da hannu biyu kamar mai miƙa wa sarki gaisuwa.

"Riƙe, uwar ɗakina. Bunu fa, wa zai gaya masa?"

"Kai mana. Ka ce masa ubangidana ya hana." Ta ƙulle ƙarafan a bakin zani, ta kafa diddige a ƙasa ta fara jan layi zuwa ƙofarta. "Ɗauko fartanya ka biyo ni. Kugu na ce, kuma nawa za a auna."