Rasuwar Mai Manyan Idanu, Ragar Hammadu na Wara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta gaji har ta daina jin komai, Hammadu na bakin ruwan Wara yake sanar da 'yan'uwa da masunta rasuwar ragarsa, Mai Manyan Idanu, ranar Talata da hantsi, tana da shekara biyu da wata uku.

An haifi marigayiyar a wata kwalejin koyon sha'anin kifi, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Ɗalibai ne suka saƙa ta don jarrabawa, a darasin da ke koya musu cin kifin tafki yau tare da barin rabon jikoki. Hammadu ya yi mako guda yana tuƙa su a jirgi. Da za su tafi, malaminsu ya miƙa masa ita, ya ce, "Duk kifin da ya wuce ta idonta bai isa ci ba. Bar shi ya girma." Hammadu ya bar makaranta tun aji biyu, ya taɓa faci, ya taɓa kwandasta, bai zauna ko'ina ba. A kan wannan magana kaɗai ya zauna.

Marigayiya mai kunya ce. Yatsu huɗu ke shiga idonta. Ba ta taɓa riƙe ɗan kifi ba. Takan bar shi ya wuce, ya faɗa dalar Kawu Dudu, ragar nan mai ido kamar gidan sauro da ake ja daga gaɓa. Inna, mahaifiyar Hammadu, takan leƙa kwandon kifi ta ce, "Wagga raga taka tausai gare ta, mu ɗai ta manta." Amma ran da giwan ruwa ya faɗa mata, sai ka ji "fat, fat" cikin jirgi har unguwa ta fito.

Wani kututture a tsohon garin da ruwan tafki ya ci ne ya farke mata ciki. Babu irin zarenta a kasuwar Yelwa. Hammadu ya naɗe ta, ya kai ta inda aka haife ta. Malamin ya koma wani gari. Magatakarda ya bi jerin darussa da yatsa sau biyu, ya ce darasin nan zango guda aka gwada shi, aka cire. Zare babu, amma akwai takardar tambaya, ko darasin ya amfani al'umma. Hammadu ya sa alama a "sosai". A hanyar dawowa marigayiya ta cika.

Ta bar dalma talatin masu nutsar da ita, da ɗaliban da suka ci jarrabawa da ita, da kifayen da ta yafe wa, in akwai wanda ya rayu.

Za a shimfiɗa gawar a jikin dangar Inna bayan la'asar, kabewa ta hau. Babu zaman makoki a gida. Mai son yin ta'aziyya ya sami Hammadu gobe da safe a gaɓa, shi ne na uku a igiyar dalar Kawu Dudu. Ana roƙon kada a nuna masa abin da ya fito a dalar.