Kontabul a Saman Rufi

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, kuma ko na so in manta, matan Tunuga ba za su bar ni ba. Ita ce ranar da surukata ta zo birona, wato ofishina, kawo mini aiki, ta tarar da rigata da wandona da hulata a kan kujera, mai su kuwa babu shi.

Ni kontabul ne a Gaya, wato mai shirya wa 'yan kasuwa takardun lanho, harajin gwamnati ke nan. Birona ɗaki ɗaya ne mai rufin siminti a bakin hanyar gada, inda kamiyoyi, manyan motocin kaya, suke jeruwa suna jiran duwan, wato kwastan. In zafi ya shigo, lokacin kai takardu ya matso, ba ni da sauran lokacin kaina. Mutum zai shigo da buhu, ka ɗauka shinkafa ya kawo maka, sai ya zazzage maka rasidai a kan tebur: wannan da sefa, wancan da naira, wani ya sha manja, wani kuma da gani ka san an taɓa ƙunshe soyayyen kifi a ciki. Duk wanda ya zauna kuma maganarsa ta farko ɗaya ce: "Malam kontabul, bana hwa ban ci riba ba." (Yana faɗa yana kaɗa makullin sabuwar mota.) Duk da haka ina son aikin nan, wallahi. Akwai daɗi mutum ya shigo fuska a murtuke don tsoron mutanen impo masu karɓar haraji, ya fita yana dariya har yana tambayarka ya iyali.

To a shekarar nan na ce na gaji da lissafin hannu, zan sayi lojisiyel, irin manhajar da ake sa wa ordinatar, wato kwamfuta, ta haɗa maka lissafi ta fitar da takardu. Na samo uku na gwaji. Ta farko tsohuwa ce, ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma a cikin ordinatar take zaune, ko babu rezon intanet tana aiki, in wuta ta ɗauke ba ta zubar maka da abin da ka rubuta. Ta biyu an yi ta ne don manyan kamfanonin Yamai, da na ga kuɗinta na rufe ta da sauri kada ta ji na taɓa ta. Ta uku kuwa, kai! Launi ne ko'ina, ga zane-zane suna hawa suna sauka, kana ɗaukar hoton rasidi tana karantawa. Aibinta ɗaya: ba ta motsi sai da rezo mai ƙarfi. Hankalina ya ce in ɗauki tsohuwar, zuciyata ta ce ina, ai kontabul irina da mai launi ya dace.

Ana cikin haka matata Balkisa ta kawo mini labari. Matan da suke turara shinkafa a garin Tunuga sun kafa ƙungiya, sun samu babban mai saye, shi kuma ya ce ba zai ɗauki buhu ko ɗaya ba sai suna da takardun lanho cikakku. Shugabar ƙungiyar kuwa Inna ce, mahaifiyar Balkisa. Wasu matan sun so a ɗauko wani kontabul daga Doso, Inna ta tsaya kai da fata ta ce ga mijin ɗiyarta a Gaya, mutum ne natsattse, mai kamun kai. "Ka ga dai ta sa bakinta," in ji Balkisa. "Kada ka ba ta kunya gaban ƙawayenta."

Sai ka san yadda muke da Inna kafin ka gane girman abin. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa cin abinci tana kallo ba, ban taɓa tsayawa gabanta babu hula ba. In na hango ta a hanya nakan cire takalmi in durƙusa tun daga nesa, ita kuma ta kau da kai ta amsa gaisuwa tana kallon wani wuri. Iyakar hirarmu ke nan.

Aka sa rana, za su zo bayan la'asar. Balkisa ta wanke mini farar shadda, ta sa mata sitaci har tana iya tsayawa da kanta. Na sa tun safe, na zo biro ina takawa a hankali. Niyyata in buɗe musu mai launin nan su ga zane yana hawa yana sauka, su san ba ƙaramin mutum Inna ta kawo su wurinsa ba. Na kunna ordinatar, sai wani ɗan zanen da'ira ya fito yana juyawa. Na matsa bakin taga, yana juyawa. Na fita ƙarƙashin dogon-yaron da ke ƙofar biro, yana nan yana juyawa.

Nan shaiɗan ya raɗa mini cewa a saman rufi rezo ya fi ƙarfi. Na leƙa wurin maƙwabcina Idi magini, ba ya nan, amma tsaninsa yana jingine, na ɗauko. Da na sa ƙafa sai na tuna da shaddar Balkisa. In na ɓata ta da ƙasar rufi na shiga uku. Na duba hagu da dama, rana ta take, babu kowa a hanya, baƙi kuma sai la'asar. Na koma ciki na tuɓe riga da wando da hula, na shimfiɗa su a kan kujera da kyau, na rage daga ni sai singileti da wani tsohon gajeren wandon ƙwallo (kore ne shar, kuma tun ina ɗan makarantar lekol nake da shi, don haka ka ƙiyasta yadda ya kama ni). Na rungumi ordinatar, na sa wayar salula a ƙugu, na haye.

Rezo kuwa ya samu! Na zauna ina murna, na danna wani bidiyo na koyar da yadda ake aiki da manhajar, na ƙure ƙara don hayaniyar kamiyoyi, ina jira ya buɗe. Ban ji dawowar Idi ba. Ƙarar ƙarfe kawai na ji, na leƙo, na hango shi a kan babur da tsani a kafaɗa ya nufi hanyar kasuwa. Na ƙwala masa kira, wani kamiyo ya danna ham ya haɗiye muryata.

Ban gama tunanin yadda zan yi ba sai ga wata mota ta tsaya a ƙofar biro. Mata suka fara sauka, kowacce da leda cike da takardu. Ashe sun samu motar da za ta kawo kifi, suka ce me za su jira. Ta ƙarshe da ta sauko, da mayafinta ruwan toka, Inna ce.

Ban san lokacin da na kwanta rubda-ciki ba. Simintin nan ya sha rana tun safe, na ji kamar an kifa ni a kaskon suyar masa. Ɗan bangon da ya kewaye rufin bai wuce kamu biyu ba, shi ne kaɗai tsakanina da tonon asiri. Na lafe a bayansa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Muryar da na fara ji ta Tanti Hawa ce, ma'ajiyar ƙungiyar, wadda in ta yi raɗa ana ji a tsallaken kogi. Ta yi sallama, ta leƙa biro, sai na ji ta ce, "To fa! Ga riga, ga wando, ga hula, ga takalmi. Hajiya, surukin naki narkewa ya yi?"

Mata suka kwashe da dariya. Inna ta ce a natse, "Ku zamna, yana nan zuwa. Ba mutum ba ne mai wasa da alkawali."

Suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dogon-yaro, daidai ƙasan inda nake. Ina kwance ina soyuwa, ina jin Inna tana yabona, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Wai ban taɓa ɗaga wa ɗiyarta murya ba, wai ko tafiyata ta manya ce. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla, ga kuma cikina yana toyewa.

Sai salulata ta fara rawa a ƙuguna. Tanti Hawa ce. Allah ya taimake ni ba ta da ƙara. Da ina da hankali da na ƙyale ta, amma na ɗauka, na kare baki da hannu na ce, "Tanti, ina biron impo, ga ni nan tafe."

"Ya ce yana impo," ta sanar da jama'a. Sai ta ƙara da cewa, "Impo ba wando? Lalle lanhon bana ya yi tsanani."

Daidai wannan lokacin manhajata mai launi, wadda ta wuni tana juya da'ira, ta ga dama ta buɗe. Kiɗa ya tashi daga saman rufi, sannan muryar wata mace mai zaƙi, da Faransanci, tana yi mini barka da zuwa, tana cewa ta ji daɗin kasancewa tare da ni yau. Na kai hannu in kashe, gumi ya sa yatsana ya zame, na ƙara mata wani ƙarfin.

Sannan Tanti Hawa ta ce, da wata irin murya da ba ta wasa ba, "Wa ke can bisa? Kai, kontabul! Tufafinka na ƙasa, kai kana bisa, kuma da muryar mace? Da wa kake?"

Nan na gane akwai abin da ya fi gajeren wando muni. In na ci gaba da kwanciya, kafin magariba labari ya kai Tunuga cewa an kama mijin Balkisa da wata a saman rufi. Don haka na miƙe. Na miƙe tsaye sosai, da singiletina da ya koma ja don ƙasa, da koren wandona, kaina babu hula, na ɗaga ordinatar sama da hannu biyu ina juya ta kowa ya gani. Na ce, "Na'ura ce, Tanti! Wallahi na'ura ce!" Ita kuwa matar cikin na'ura ba ta fasa ba, tana ta bayanin yadda ake cike gurbin farko.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wata ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki, wata ta yi guɗa. Direbobin kamiyo suka fito daga inuwar motocinsu suna tafi. Tanti Hawa tana share hawaye tana cewa, "Wannan ne natsattsen? Hajiya, ɗaga kai ki ga kamun kai!"

Inna ba ta ɗaga kai ba. Ko sau ɗaya. Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska, idonta a kan tabarma (na dai ga kafaɗarta tana girgiza, amma ban isa in ce dariya take ba). Da hayaniya ta lafa sai ta ce, "Hawa, ba ke kika ce ya ce yana impo ba? To yana impo. Ku tashi mu shiga gidan maƙwabta mu yi azahar kafin shi dawo." Har ta kai ƙofa ta tsaya, ta ce wa iska, "In da mai tsani kusa, a kai shi bayan ɗakin nan. Na ga kamar rufin na son gyara."

Wani direba ne ya kawo kamiyonsa jikin bango na sauka ta kansa. Na wanke jiki da butar alwala, na zura shadda, na kafa hula, na zauna a bayan tebur ina jiran hukunci. Da suka dawo na zame na durƙusa. Inna ta kau da kai yadda ta saba ta ce, "Sannu da dawowa. Ya mutanen impo?"

Na ce, "Suna gaishe ku, Inna."

Tanti Hawa ta toshe baki da gefen zane. Ni kuwa na buɗe tsohuwar manhajar nan marar launi, muka shiga aiki. Ba ta nemi rezo ba, ba ta yi wa kowa barka da zuwa ba, ta haɗa lissafin shinkafarsu tsaf, wuta ta ɗauke a tsakiya ba ta zubar da komai ba. Kafin la'asar matan sun yarda ni ne kontabul ɗinsu. Tanti Hawa ta ce dalilinta ɗaya: mutumin da zai kwanta a kan simintin azahar don kunyar surukarsa ba zai iya cin kuɗin surukar ba. Sharaɗinsu kuma ɗaya, in riƙa yi musu aiki da na'urar da take aiki a ƙasa.

Ita na saya, har yau da ita nake aiki. Abokan sana'a in sun tambaye ni yadda ake zaɓar manhaja, nakan ce su bar kallon launi, su gwada ta a daidai kujerar da suke zama, da rezon da suke da shi, kuma da wandonsu a jikinsu.

Bayan shinkafarsu ta shiga kasuwa, wata safiya amalanken jaki ya tsaya a ƙofar birona. A kai akwai buhun shinkafa, a gefensa kuma sabon tsani na ƙarfe, an shafa masa fenti kore shar. Na tambayi Balkisa mene ne wannan. Ta ce Inna ce ta aiko, wai ta lura hanyar biron impo tana da wuyar sauka.