Yadda aka gyara wa Manzo waƙarsa ta rijiya

Jiya tun hantsi har azahar ina tsugune a bayan katanga, riƙe da bakin akuyata don kada ta yi kuka. Ba ciwo take yi ba. Maƙwabcina Manzo ne ke ɗaukar waƙa a kaset, karo na tara, bisa umurnin manya. Bari ku ji yadda aka yi.

Manzo manomin gero ne a nan Tanout, gurmi kuwa tun yana saurayi yake kaɗa shi. Da ya dawo daga cin rani a Kano bai kawo wa matarsa Kulu atamfa ba, sai rediyo biyu masu cin kaset. Ya rataye barguna da tabarmi a bangon ɗakinsa, ya toshe taga da tsumma. Sai ya ɗauki gurmi a rediyo na farko, ya kunna shi yana rera waƙa a kai, na biyu yana kwashe su tare. Daga nan a sake juyawa, Kulu ta yi amshi, abokinsa Dado ya buga ganga. Wanda ake so a ji sosai ya matso kusa, wanda ya cika ƙara ya ja baya. Iyakar ilimin ke nan, amma sai da ya yi wata biyu da kwandon duwatsun tocila kafin abin ya daidaita.

Waƙar tasa ce, shi ya tsara ta, a kan rijiyar da aka yi wa unguwarmu alkawari shekara bakwai da suka wuce. An zo da motoci, an kafa turke, an yi tafi, an koma. Turken na nan, jakuna ke sosa baya da shi. A cikin waƙar akwai baitin da ya ambaci Kulu tana tafiya ɗibar ruwa da cikin wata takwas, da abin da ta rasa a hanyar. Ranar da ya fara kunna mana, babu wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.

Mai sayar da kaset a kasuwa ya ce zai buga ta da yawa, amma sai da takardar izini mai tampo, wato hatimin hukuma. Manzo ya sa babbar rigarsa ya nufi wani biro, wato ofishin gwamnati, wurin wani bawan Allah da zan kira Mai Girma Sarkin Kunne, wanda aikinsa shi ne ya riga talaka jin abu don ya tabbatar ba zai ɓata masa ciki ba. Kwana huɗu yana zaman benci. Rana ta farko an ce Mai Girma na taro. Ta biyu ya tafi duba wata gona da motar aiki. Ta uku motar ba mai, shi kuwa ba ya taka ƙasa.

Da ya samu ganinsa, Mai Girma ya saurara ido a rufe, ya ce waƙa ta yi, shi ma masoyin fasaha ne. Gyara ɗaya kawai yake nema: gangar ba ta fita sosai.

"Ranka ya daɗe, in ganga ta matso, magana za ta nutse," in ji Manzo.

"Ai ba mu hana ka magana ba. Faɗi duk abin da kake so. Mu dai a matso da ganga."

Kun ji adalci. A wace ƙasa ake ba mutum 'yanci irin wannan?

Mai Girma ya riƙe kaset ɗin farko, wai don adanawa. Manzo ya dawo ya sake ɗauka, Dado ya matso taki ɗaya. Aka kai, aka ce da saura. Dado ya ƙara matsowa, Manzo ya ja baya zuwa bakin ƙofa. A karo na biyar yana waƙa daga tsakar gida. A na bakwai yana bayan rumbu. Jiya kuwa a cikin gidana ya tsaya, kusa da ni da akuyata, yana ɗaga murya jijiyar wuya a miƙe, Dado kuma ya kusa sa gangar cikin rediyon.

Kulu ta daina amshi tun karo na shida. Ta ce masa ya bari haka nan, ita abin da ya same ta ba ta buƙatar tampo kafin ta tuna. Manzo ya ce ko kalma ɗaya ta tsira a ƙarƙashin gangar, wani zai ji ta a Belbeji ko Tarka.

Da la'asar na raka shi biro. Aka kunna. Ni da na san waƙar da ka, ban tsinci ko harafi ba, sai dum-dum kamar ana sussuka. Mai Girma ya yi ta gyaɗa kai, ya ce bai taɓa jin kalmomi masu zurfi irin waɗannan ba. Ya buga tampo har sau uku.

Manzo ya karɓi takardar, ya ninke, sannan ya roƙi a ba shi kaset ɗinsa na farko, don shi kaɗai ne Kulu ta yi amshi a ciki da dukan zuciyarta. Mai Girma ya sosa ƙeya, ya ce ai an samu ƙarancin kayan aiki a biro, shi ya sa ya ɗauki jawabinsa na bikin makon ruwa a kai. Ya miƙo masa da hannu biyu, ya ce kyauta ce.

Da muka iso gida, Manzo ya shige ɗakinsa. Ya sauke bargunan daga bango, ya rataye gurmin, ya ɗauki tulu biyu ya ce wa Kulu ta zauna, yau shi zai je.

Ni kuwa na ari kaset ɗin na saurara, don kada a ce ban ba manya haƙƙinsu ba. Rabin awa mutumin yana bayanin amfanin ruwa ga ɗan Adam, har maƙogwarona ya bushe. Amma gaskiya ɗaya zan faɗa: an iya ɗauka. Muryar ta fito tas, ko tarin da ya yi ana ji, kuma duk tsawon jawabin ba a samu mai ganga ko ɗaya da ya matso ba.